Abin da Leɓɓansa Suka Faɗa

…da ma a ce ba shi ne ya yi tambayar ba. Da liman ne, ko ɗaya daga cikin tsofaffin nan masu bin diddigi, da Burul ta san yadda za ta yi da su, kallo ɗaya ya isa, irin wanda take yi wa ɗalibai a da. Amma Esen? Ɗan da ta haifa da cikinta? Tun da sassafe ya zo ya durƙusa a bayanta, gemunsa na taɓa kafaɗarta, muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro: "Apa, ke kaɗai ce a wurin. Ata, babana, ya yi kalmar shahada kafin ya cika?"

Ta ce ya je ya duba masu yankan goɗiyar da za a ciyar da masu gaisuwa. Ta ce sai anjima.

To, ga anjimar nan tana matsowa. Da azahar za a fitar da shi.

Tana zaune inda ake zaunar da matar mamaci, cikin zagayayyen tantin gashin tumaki da aka kafa a tsakar gida, fuska ga bango, baya ga masu zuwa gaisuwa. Baƙin ɗankwali ya matse mata kunnuwa. Ga labule a gefenta. Bayan labulen — Saginbek. Mijinta. Ko dai abin da ya saura na mijinta... me ma za ta kira shi yanzu? Ita da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koya wa 'ya'yan ƙauyen nan ilimin halittu, ta san abin da ke faruwa a bayan labulen nan, ta sha zana shi a allo da alli. Jini ya tsaya, jiki ya sandare, sannan ya saki, sannan ya koma ƙasa ciyawa ta ci. Shi ke nan, yara, a tashi. Da sauƙin faɗa a aji...

Ka ga abin da ka bar ni da shi, Sagin? Ka yi tafiyarka, ka bar ni tsakanin tambayarka da ta ɗanka.

"Ki yi kuka mana, malama." Batma ce, maƙwabciyarta tun suna amare, ta zungure ta da gwiwar hannu. "Dangin uwarsa na garin Narin sun iso, ga su can a bakin ƙofa. Za su koma su ce tsohuwar ko a jikinta. Ko sai an rubuta miki waƙar a allo?"

"Ki yi mini. Kin fi ni sabo, ke da kika binne maza uku."

"Biyu. Na ukun guduwa ya yi, Allah ya sa yana can yana jin jiki."

Sai Batma ta ja numfashi, ta dafe ƙugu, ta ɗaga murya da waƙar makoki, tana cewa dutsenmu ya zube, inuwarmu ta kau. Matan da ke bayansu suka kama mata. A waje maza sun sunkuya a jikin tantin suna kururuwa kamar yadda ake yi — wayyo ɗan'uwana, wayyo ɗan'uwana, ina zan sake ganinka...

Ina kuwa? Ai tambayar ke nan. Su sun san amsar, shi ya sa suke iya yin ta da ƙarfi haka.

Ƙamshin mai na shigowa ta ƙasan tanti. Ana suyar borsok a bayan gida, kasko bayan kasko, 'yan curin fulawar na iyo a mai, wai ƙamshin ne rabon matattu. Kai da kake cewa, matattu ba su da hanci, Burul, masu rai ne ke da ciki — kana faɗa kana cika baki da shi, mai na bin haɓarka...

Zauren taro na gonar gwamnati. Sanyi har cikin ƙashi, kowa da rigar fatarsa. Tana sabuwar malama, an jera su a kan benci, wani dogon saurayi injiniyan ruwa mai kunnuwa fato-fato ya hau dandamali, an ba shi jawabi ya karanta a kan cewa babu kowa a sama. Ya karanta rabi ya gaji. Ya ɗago ya ce, "Kakannina sun yi ta yanka rago a kan tudu suna roƙon ruwa. Ni ku ba ni mutane da shebur, zan kawo muku shi daga gindin dutsen can." Wani tsoho ya tofar da yawu a ƙasa. Ita kuwa sai da gabanta ya faɗi. Ba don zancen babu Allah ba — wannan tun a makaranta aka gama mata shi, tare da lissafin sau. Yadda ya ce "zan kawo" ɗin ne.

Kuma ka kawo. Ranar da ruwan ya gangaro magudanar kankare, yara na gudu a gabansa suna ihu, karnuka na haushi, tsohon nan da ya tofar da yawu ya durƙusa ya kamfata ya wanke fuska ya ce alhamdulillahi. Ka yi dariya har da hawaye. Ka ce, ya gode wa wanda ya ga dama, in dai dankalinsa zai sha.

A lokacin wa ke tambayar don me? Akwai gobe. Gobe aka ba mu a madadin lahira, goben da ba mai yunwa, ba mai jahilci, ba yaron da zai mutu don likita ya yi nisa. Mun bauta mata, wallahi — ji ni da wallahi, baki ba ya tuba da abin da ya saba — mun bauta mata fiye da yadda wasu ke bauta wa Ubangijinsu. Sammako, aikin gayya ranar hutu, tafin hannu duk kanta. Sai aka wayi gari aka ce ƙasar ma babu ita. Tarayyar Sobiyet ta watse kamar 'yan kasuwar da ruwan sama ya kora. Aka raba tumakin gonar, aka kwance tarakta ƙarfe-ƙarfe, mutane suka dinga ɓamɓarar kankaren magudanar suna ja da jaki zuwa gida su yi wa tumakinsu shinge. Mutanen da suka sha ruwan! Kana tsaye a kan gaɓa, hularka a hannu, bakinka na motsi ba abin da ke fita...

To wanda aka karɓe masa lahira aka ba shi gobe, sannan aka karɓe goben, a ina zai tsaya?

Kai a cikin ramin magudanar ka tsaya. Duk lokacin da ƙanƙara ta narke sai ka saɓa shebur, kai kaɗai, kana yashe laka, kana toshe inda ya ɓalle da duwatsu da ciyawa, har gwiwoyinka suka ƙi. Na taɓa ce maka, wai wa ya aike ka ne? Ka ce, ba kowa, ai nan daɗin abin yake. Daɗi... Na yarda da maganar kuwa? Ko bayanka da nake hangowa ta taga na yarda da shi?

Wata ta dafa ta, ta ce Allah ya ba da haƙuri, ya sa Aljanna ce makomarsa. Burul ta gyaɗa kai ba ta waiga ba. Wannan shi ne alherin zaman nan, ba mai ganin fuskarka. Duk wanda ya ƙirƙiro juya wa mutane baya ranar makoki ya san abin da yake yi.

Aljanna. Me za ka yi a can ma? An ce ƙoramu na gudana da kansu, ba mai yashe su. Za ka haukace da zama...

Kada ta yi dariya. Kada ta kuskura.

Esen. A ce yaron ya lalace ne da wannan gemun, da abin ya zo da sauƙi, da sai su ce ga abin da addini ya yi masa. To ba haka aka yi ba. Kafin ya tafi Mosko leburancin gini, sau nawa suka ɗauko shi a bakin hanya, giya ta kayar da shi, ƙanƙara ta kusa cinye masa yatsu? Ita ta yi masa bayanin hanta, ta zana masa. Ubansa ya yi masa maganar mutunci da amfanin ɗan Adam ga 'yan'uwansa. Yaron ya kalle su da jajayen idanu ya ce, "Don me?" Ba su da abin da za su sa masa a hannu. Da me za su ce? Don goben da aka soke? Sai ga shi ya dawo bayan shekaru da wando ɗangalalle da carbi, idanunsa garau, yana tashi da asuba, yana sumbatar hannun uwarsa, yana gyara rufin da ba wanda ya ce ya gyara. Wasu masu fita wa'azi ne suka tsince shi a can, suka yi masa abin da mu muka kasa. Mu da muka haife shi. Wannan ka kasa haɗiye shi har ka mutu, Sagin, kada ka ce mini ba haka ba.

Ga su a kan tabarmar cin abinci, burodi a tsakiya, tururin shayi.

"Ata, in babu hisabi, me ya hana ka sata?"

"Kai tsoron wuta ne kaɗai ya hana ka? To, Burul, ɓoye cokulan nan, kada wata rana a ce masa an kashe ta."

Esen bai yi fushi ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya yi murmushi. "Apa ce ta koya mana cewa wata rana rana ma za ta mutu, duniya ta daskare. Ran nan ina magudanarka, Ata? Wa zai san ka haƙa ta? Da wanda ya haƙa da wanda ya ɓamɓare, duk ɗaya ke nan?"

Ka daɗe kana gutsura burodi, kana mai da shi gari a kan tabarmar. Ka ce, ci abincinka kafin ya huce.

Ba ka ba shi amsa ba. Ni ma na jira amsar, ka sani? Na sunkuyar da kai kamar ina zuba shayi, amma jira nake...

Shekaranjiya da la'asar. Ka ce in buɗe taga kana son ganin bishiyoyin tuffa. Na ce da sanyi. Ka ce, me zai yi mini yanzu, mura? Na buɗe. Ganye duk ya yi ja, wasu 'ya'yan sun faɗo suna ruɓewa a gindi, ba wanda ya samu sukunin tsincewa. Esen ya tafi gari neman allurar rage ciwo, matarsa na can wajen shanu. Daga ni sai kai. Ka kama wuyan hannuna, hannun nan naka da ya zama kamar busasshen reshe amma har yanzu da riƙo. Ka ce —

A'a. Ba yanzu ba.

Ka ce, "Burul... duk wannan... don me?"

Kai. Kai da ka tsaya a dandamali. Ba tsoro na gani a idonka ba, da tsoro ne da na san yadda zan rarrashe ka. Wani abu ne kamar mutumin da ya sha tafiya da kaya a ka, ya iso tasha, ya tarar ciyawa ta fito a inda mota ke tsayawa. Na ce, ka kawo ruwa. Abin da ya zo bakina ke nan. Ka kawo wa mutane ruwa, Sagin. Ka dube ni, ka ce, "Ruwa..." Har yanzu ban sani ba, ba'a kake yi mini, ko yarda ka yi, ko ƙishi kawai kake ji. Na juya in ɗauko kofi...

Wannan zan faɗa wa ɗanka? In ce ubanka bai kira Allah ba, bai kuma tafi da natsuwar da yake taƙama da ita ba, ya tafi ne da irin tambayarka ta lokacin da kake shan giya?

Kakarta. Ɗakin ajiya, bayan buhunan gari, duhu-duhu da warin albasa. Tsohuwa ta shimfiɗa ɗankwali a ƙasa tana sallah a ɓoye, a gaggauce, kada wani ya gani ya kai ƙarar ɗanta wurin aiki. Burul na 'yar ƙarama tana leƙe ta kafar ƙofa, abin na ba ta kunya, kamar ta ga babba tsirara. Matar da ba ta san harafi ko ɗaya ba, ta binne 'ya'ya, ta ga yunwa, ta ga an kwashe dabbobinsu. Amma ranar da za ta mutu cewa ta yi a sa mata farin kallabi, a share ɗaki, ana jiranta. Ana jiranta! Ta faɗe shi kamar mai cewa an dafa shayi a gidan maƙwabta. Ita kuwa Burul da duk karatunta, wa ke jiranta?

Ta gwada. Me zai hana, ba mai ganin fuskarta. Ta runtse ido, ta ce a zuci, ya Allah... Ta saurara. Kukan Batma, ƙarar gatari a kan ƙashin goɗiya, wani yaro na neman takalminsa. Ta sake cewa, in kana nan... Sai ta ji kamar mai magana a wayar da aka yanke wa layi, tana jin numfashin kanta kawai. Ko ita ce ba ta iya ba? Ko an rufe mata wata kafa ce tun tana yarinya, ta toshe, kamar kunnen da aka huda aka daɗe ba a sa masa ɗan kunne ba? Ba ta ce babu ba, yau ba ta da ƙarfin cewa babu. Ba ta dai ji kowa ba. Kuma ba za ta yi wa kanta ƙarya a gefen gawarka ba.

Amma akwai ranaku, ai akwai. Bawon albasa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, yara sun yi layi, wata 'yar makiyayi mai majina ta kanga ido ta daka tsalle, "Malama Burul, ɗakuna ne! Ɗakuna ne a jere!" Abin da ya cika mata ƙirji a ranar, me sunansa? Bai nemi izinin kowa a sama ba. Ya ishe ta, ya ishe ta har ta dawo gida tana waƙa a hanya. Esen zai ce, to wa ya gina ɗakunan, Apa? Kai za ka ce, ba wanda ya gina, shi ya sa abin ya fi ban mamaki. Ita ba ta damu da wanda ya gina ba a ranar. Yarinyar ta gani, ita ta nuna mata. To me ya sa abin da ya isa da rana tsaka ba ya isa idan inuwa ta miƙe? Ƙarya ne a lokacin? Ko gaskiya ce mai ƙarewa, kamar burodi, a ci yau gobe a sake nema? Mutum zai iya rayuwa da irin wannan, yau-yau, ba tare da wani ya tara masa a wani wuri ba? Mun rayu ai. Mun rayu, Sagin, ba mu cuci kowa ba. Sai dai ba wanda ya gaya mana yadda ake mutuwa da shi.

Matan sun tsagaita kuka. Takun da ta sani. Ya durƙusa a bayanta, tana jin warin hayaƙi da sanyi a rigarsa.

"Apa."

"Liman ne ya aiko ka? In yana jin nauyin yi masa sallah, ya zo ya faɗa mini da bakinsa. Ni na koya masa wanke hannu."

"A'a, Apa. Shi ya ce zai yi, ya ce abin da ke zuciya ba aikinsa ba ne. Ni ne." Ya ƙara matsowa. "Tun shekaranjiya ban runtsa ba. Ina rufe ido sai in gan shi a... Apa, ubana ne. Shi ya goya ni a wuya ya kai ni ganin dawaki. Na yi ta cewa zan zauna da shi in lallashe shi, kullum sai mu ƙare da gardama, ni da bakina. Ko kalma ɗaya ce, ki gaya mini."

Kalma ɗaya. E. Ƙaramar aba, ba ta kai ƙwayar alkama ba. In ta ce e, yaron ya yi barci yau, ya yi barci har ƙarshen ransa. Wa zai sani? In babu kowa a sama, wa zai kama ta? Ga tambayarsa ta kan tabarma ta dawo ta zauna mata a cinya. Ba kowa. Sai kai, kai kuma ba ka nan, ai haka muka ce, ba ka ko'ina. To me ya riƙe mata harshe? Mutumin da ko likita bai bari ya yi masa ƙarya ba, ya ce faɗa mini sunan abin da ke cina — a sa masa maganar da bai yi ba a baki, ranar da ba zai iya cewa ban faɗa ba? A binne wani mutum daban da sunanka?

In kuma ta ce a'a... ta ɗora wa ɗanta uba a wuta, ya yi ta ɗauka har ya tsufa. Wutar da ita ba ta yarda da ita ba, amma shi za ta ƙone shi da gaske, kowace asuba.

Ta juya ta ɗauko kofi. A nan take tsayawa kullum in ta tuna, tun shekaranjiya, ba ta wucewa. To wuce, Burul. Ta juyo da kofin. Idanunka sun bar kaina, suna kan taga, ko abin da ke bayan taga. Kuma bakinka —

"Leɓɓansa sun yi motsi," ta ce. Muryar kamar ba tata ba. "A ƙarshe. Bayan ya daina magana da ni. Sun yi ta motsi, na kai kunnena, ban ji komai ba. Ban san abin da ya faɗa ba, Esen. Iyakar abin da na gani ke nan. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Ban rage ba? Ta rage. Ta rage "don me."

Sai ta ji goshinsa ya sauka a tsakanin kafaɗunta, da nauyi, jikinsa duka na rawa. "Ita ce, Apa. Ita ce. Allah mai rahama ne, ita ce."

Ba ta ce e ba. Ba ta ce a'a ba. Ta kai hannu baya ta shafa kansa, gashin ya fara furfura, yaushe? Mai yiwuwa sunana kake kira. Mai yiwuwa zagin ciwon kake yi. Mai yiwuwa naman baki ne kawai ke rawa, ta san wannan ma, ta san sunansa. Mai yiwuwa kuma... mai yiwuwa. Wa ya sani? Rabin ƙarni muna kwana a shimfiɗa ɗaya, maganarka ta ƙarshe ta wuce ni.

Ya share fuska da hannun riga ya miƙe. "Kusa da kabarin Jipar muka haƙa masa. Na ga kamar zai so haka."

Maza suka shigo, aka yaye labule, aka ɗauke ka a nannaɗe cikin dardumar gashi, mata suka ɓarke da kuka gaba ɗaya. Ba ka da nauyi, na ga yadda suka ɗaga ka. Mata ba sa bin gawa. Nan za ta zauna, ta ji komai ta cikin bango.

Kabbara. Shiru. Kabbara. Sannan muryar liman, siririya, ta yaron da ke zama a layin baya: "Jama'a, wane irin mutum ne Saginbek?"

"Mutumin kirki ne!"

Ya sake tambaya, suka sake amsawa, da ƙarfi, har tantin ya ɗauka. Tana gane muryoyin ɗaya-ɗaya. Ga wanda kankarenka ke shingen tumakinsa har yau, shi ya fi kowa ɗaga murya. Ga wanda ya taɓa kiranka kafiri a bakin shago. Ba ƙarya suke yi ba, abin mamakin ke nan, har zuciyarsu suke faɗa. Ka ji? Ga amsarka, in amsa ce. Mutane aka tambaya, mutane suka shaida. Su a wurinsu akwai inda shaidar ke zuwa, akwai mai karɓa ya adana. A wurinmu fa? Tana nan cikin ƙirjin waɗannan tsofaffin, masu tari, masu hawan jini, har zuwa ranar da za a nannaɗe su su ma...

Takun ƙafafu na nisa. Sun tafi da kai wurin Jipar.

Jipar. 'Yarsu ta fari, tun kafin a haifi Esen. Sanƙarau, cikin hunturun da dusar ƙanƙara ta rufe hanyar gari, ba mota, ba likita. Ba ta kai shiga makaranta ba. Uwarka ta ce Mai abu ya karɓi abinsa, ta samu abin jingina. Kai ka ce ƙwayar cuta ce da hanyar da ba a share ba, ka yi ta sintiri a ofisoshi har aka kawo motar share hanya. Ni na tambaye ka, ina take yanzu? Ka ce, tana cikinmu, Burul, muddin muna tunawa. Na riƙe wannan. Da shi na tashi daga kwance, da shi na koma aji. Wani lokaci muna shan shayi, ba dalili, sai ka ce, kin tuna yadda dariya ke sa ta shaƙuwa? In ce na tuna. In ce, ka tuna yadda take korar kare amma kaza ta fi ƙarfinta? Sai ta ɗan zauna a tsakaninmu, ta ɗan jima, ta tafi.

Muddin muna... Mu. Mu wa?

Esen hoto kawai ya sani, wanda ya dushe. Wa zan ce wa ka tuna?

An miƙo mata ɗan kwanon shayi, Batma ce, murya duk ta dishe, tana haki. Ta zauna daɓas a gefenta tana tausa gwiwa. "Sha, malama. Na yi miki kukan, ki biya ni ranar tawa."

"Batma... kin tuna Jipar?"

"Wace Jipar?" Ta dafa goshi. "Au, 'yar nan taki, Allah sarki. Na tuna mana. Wata 'yar fara, mai shiru-shiru, ko?"

Baƙa ce. Baƙa ce kamar ubanta, da kunnuwansa, kuma bakinta ba ya rufuwa tun daga safe har...

"A'a," in ji Burul. "Ba fara ba ce."

Batma na jira. Ta buɗe baki ta faɗa mata, amma ta ina za ta fara, shaƙuwar, ko kazar, ko ƙamshin wuyanta in ta tashi daga barci — abin da yawa, kuma duk a cikin kan tsohuwa ɗaya yake, kan da ya fara manta inda aka ajiye ashana. Yanzu ku biyu ne a ciki. Ba wanda ya aike ta. Ba wanda zai karɓe ta in ta gaji.

Ta ɗaga kwanon shayin. Ta sa ɗaya hannun ta tallafe.

"Bari tukuna," ta ce. "Bari in ɗan huta... zan gaya miki."